Zauren Masassaƙa: Tambayoyinku a kan icen lofe

Assalamu alaikum. Tun da na ambata a wata fitowa cewa na yi shekara 9 ina aiki a wata ma'aikatar yanka icen lofe, wato tukunyar shan taba, a yankin Liguriya na Italiya, wasiƙu suka riƙa shigowa a kan wannan ice. Na tsinci guda 5 zan amsa a wannan watan. Ta farkon ce za ta fi cin wuri, don a cikinta sauran suke.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan Damagaram ne, ina zaune a Marsai ta Faransa, ina aiki a shagon kafinta. Wani dattijo abokin aikinmu yana sassaƙa lofe idan an tashi aiki, abin ya ba ni sha'awa, ina so in gwada hannuna. Da na je sayen guntun icen sai na tarar da iri biyu: wani an yanke shi sumul ta kowane gefe, wani kuma kansa duk ƙuraje kamar bayan kada, kuɗinsa kuma ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Wanne zan saya, me kuma zan duba?

Amsa: Ɗana, ina amsawa, Allah ya yi wa hannunka albarka. Kafin ka zaro kuɗi daga aljihu, bari ka fara sanin abin da kake saye.

Icen nan Faransawa na ce masa buruyer, Ingilishi suka ari sunan suka mai da shi biraya, Italiyawa kuma radika suke cewa. Ba daga gangar jikin bishiya ake samunsa ba. Wata 'yar itaciya ce da masana tsirrai ke kira Erica arborea, ganyenta sirara kamar allura, furenta ƙanana farare masu ƙamshi, ƙudan zuma na son su. Tana fitowa a gangaren duwatsun da ke kewaye da Bahar Rum: Kosika, Sardiniya, Kalabiriya, Taskani, Liguriya, Girka, Sifaniya, Aljeriya, Maroko. Galibi tsayinta mita 1 zuwa 4 ne, rassanta kuma ba su da kaurin da za a yi wani abin kirki da su. Dukiyar tana ƙasa. Tsakanin saiwa da inda rassa ke tashi akwai wani ƙullutu da itaciyar ke ajiye ruwa da abinci a ciki. Idan rani ya yi tsanani da shi take rayuwa, idan gobarar daji ta lashe samanta daga shi take sake tohowa. Italiyawa na kiransa cokko. Kafin ya kai girman da za a fitar da lofe daga jikinsa sai ya shekara 30 ko fiye, manyan har 60. Ka riƙa tuna wannan duk sanda ka ɗauki guntu: da yawansu sun girme ka.

Abin da ya sa duniya ta taru a kansa abu uku ne. Ba ya kama wuta da sauri. Yana da tauri amma ba shi da nauyin da zai gajiyar da haƙori. In kuma an dafa shi yadda ya kamata, ba ya sa wa hayaƙi ɗanɗanon kansa.

Na ce in an dafa shi, to bari in ba ka labarin yadda ake yi, don a nan ake samun ice mai kyau ko a ɓata shi. Da sanyi ake haƙo ƙullutan, a datse saiwoyi da rassa, a kawo su ma'aikata da mota, kowanne kamar kabewa, wasu kamar tulu. Aikina na farko a wurin ban ruwa ne. Ana jibge su a inuwa, ni kuma in bi su da tiyo safe da yamma, don in ƙullutu ya bushe kafin a yanka shi, zai dare tun daga ciki, ya tashi a banza. Mai yanka kuwa zaune yake, zarton inji yana juyawa a gabansa, yana tura icen da hannu biyu. Dattijon da na koya a wurinsa yatsunsa 8 ne, sauran biyun zarto ya ci tun yana saurayi, kuma ban taɓa ganin mutumin da ke karanta ice kamarsa ba. Zai raba ƙullutu biyu, ya ɗan dube shi, ya riga ya san guntaye nawa za su fita da inda dutse ya ɓoye. Tsakiyar ƙullutun yawanci ja ce, a fashe, ba ta da amfani. Da ita da sauran ɓarɓashi ake hura wutar tukunya. Abin da ake zubarwa ya fi abin da ake ajiyewa yawa.

Daga zarto sai tukunya. Manyan tukwane ne, na da can na tagulla, a cika su da guntaye a tafasa awa 12 ko fiye, har ruwan ya koma kamar jiƙon maɗaci. Wannan dahuwar ce ke fitar da ruwan jikin icen da ɗacinsa. Sai shanya, ba a rana ba, ba kuma a iska ba. A ɗaki rufaffe ake fara ajiye su su huce a hankali, sannan a jera su a kan katakai wata da watanni. Masassaƙan da suka san abin da suke yi, ko sun saya ba sa taɓawa sai ya ƙara shekara 1 ko 2 a ɗakinsu.

Yanzu ga iri biyun da ka gani. Ka ɗauki lemo ka raba shi biyu, za ka ga zarurruka sun taso daga tsakiya sun bazu zuwa ɓawo. Haka zanen cikin ƙullutu yake. Mai ƙurajen nan, wanda ake kira filato, daga gefen waje aka yanko shi tare da fatarsa, inda zanen ya fi matsewa ya fi miƙewa. In ka dubi gefensa za ka ga layuka sun tashi sama, wani lokaci a miƙe kamar zaren saƙa, wani lokaci a karkace kamar harshen wuta. In ka dubi inda layukan suka ƙare, za ka ga ɗigo-ɗigo zagayayyu da Turawa ke kira idon tsuntsu, ni kuwa ran da na fara gani jikin zabuwa ya tuna min. Sumul ɗin, wanda ake kira eboshon, yawanci daga can ciki aka fitar da shi, an ɗan rage shi ya ɗauko siffar lofe, zanensa kuma yadda ya zo haka ya zo.

Ga abin da masu sayarwa ba sa gaggawar faɗa maka: in duka biyun sun dahu sun bushe daidai, aikinsu a gaban wuta ɗaya ne. Ƙarin kuɗin filato na ido ne. Ban raina ido ba, ni ma ina da wani filato da na ajiye shekara da shekaru na kasa sa masa wuƙa saboda kyansa. Amma kai da za ka huda ramin farko a rayuwarka, ka sayi eboshon matsakaita 3 ko 4. Za ka karkatar da huda, za ka zarce da magagari, kowa ya yi. Gara hakan ta faru a kan na araha.

Abin da za ka fara dubawa bushewa ne, kuma shi ya fi komai. Ka tambayi mai kayan yaushe aka dafa su. Wanda ya san kayansa zai ba ka shekara nan take. In ka kai gida, ka ɗora kowane guntu a kan ƙaramin sikelin kicin, ka rubuta nauyinsa da kwanan wata a jikinsa da fensir, ka ajiye shi nesa da taga da na'urar ɗumama ɗaki. Bayan wata guda ka sake aunawa. In yana ta raguwa, to da sauran ruwa a cikinsa, ka ƙyale shi. In ya tsaya cak, ya isa aiki. Ɗanyen ice yana da sanyi a tafin hannu, yana da nauyin da ya fi girmansa, ƙurarsa kuma tana liƙe wa samfefa maimakon ta tashi.

Daga nan sai ka jiƙa tsumma ka shafe gefunansa. Ruwa na fito da zane fili, amma ba don zanen kaɗai nake sa ka ba. Ka jira ya fara shanyewa. Inda duk akwai siririyar tsaga da ido bai gani ba, wurin zai daɗe da duhu bayan sauran ya bushe, don ya sha ruwan ya riƙe. Ka kuma nemi baƙaƙen ɗigo kamar an soka allura. Ice ne da ya girma a cikin ƙasa, yana haɗiye yashi da tsakuwa da guntun ɓawo yana ci gaba da girma a kansu. Ɗigo ɗaya ko biyu a gefen da za ka sassabe ba komai ba ne. In suka taru a inda ramin taba zai zauna, ka ajiye ka ɗauki wani.

Ka tafi da abin awo. Faɗin ramin taba da aka saba yi milimita 19 zuwa 22 ne, bangonsa kuma kada ya gaza milimita 6 ko 7 ta kowane gefe, in ba haka ba zai yi zafin da ba ya riƙuwa, ƙarshe ya ƙone. Ka haɗa lissafin, ka ƙara abin da samfefa za ta ci, za ka ga guntun da faɗinsa bai kai milimita 40 ba zai matse ka. Na ga yara da yawa sun ruɗu da zane sun sayi siririn guntu, sun dawo suna neman yadda za su yi da shi.

Na ƙarshe, wanda dattijona ya koya min: ka kankare gefe kaɗan ka ɗora harshe. Icen da ya dahu ba shi da wani ɗanɗano, sai ɗan ƙamshin ice. In ya ɗaure maka baki kamar ɗanyar kanya, an yi gaggawar sauke shi daga wuta.

Tambaya: Malam, na sassaƙa lofena na farko har na kusa gamawa, ina goge shi da samfefa sai ga rami ya buɗe a gefe, kamar ƙwayar gero. Na yi kwana 6 a kansa. An cuce ni ne? Daga wani ɗalibi a Istambul.

Amsa: Ba a cuce ka ba, ɗana. Na san zafin abin, don ya sha faruwa da ni, wani lokaci ma a shafar ƙarshe. Mai yanka waje yake gani kamar yadda kai ma waje kake gani, kuma ko guntun da aka zaɓa aka sa masa tsada yana iya ɓoye rami a inda babu mai hange. Shi ya sa lofe sumul, mai miƙaƙƙen zane, marar tabo ko ɗaya yake da tsadar da yake da ita: an yi asarar guntaye da yawa kafin a same shi.

Ka sa tsinin allura ka gwada zurfin ramin. In a sama yake, ka ci gaba da gogewa, ka ɗan sauya siffar ta bi inda icen ya yarda. In ya ɗan nutsa amma bai doshi ramin taba ba, ka bar maganar sumul, ka bi jikin lofen duka da tsinin ƙusa ko ɗan kurfi ka yi masa ƙuraje da gangan, ka rina shi da duhu. Tabon zai ɓace a cikin 'yan'uwansa, lofen kuma ya fi daɗin riƙo. Manyan ma'aikatu na fesa wa irin wannan yashi da iska mai ƙarfi, mai laushin icen ya zaizaye, mai taurin ya tsaya ya fito da zane kamar kunya-kunyar gona. Wasu kuma foti suke cusawa su rufe da rini. Na fahimci dalilinsu, amma da lofen ya tsufa ya yi duhu fotin zai fito fili da launinsa daban. In ka cike rami za ka sayar, ka nuna wa mai saye da yatsa.

Wanda ba shi da magani shi ne tsagar da ta ratsa har cikin ramin taba ko hanyar hayaƙi. Wuta za ta bi ta nan ta ci bangon. Wannan ka haƙura da shi a matsayin lofe, ka yanka shi ka yi ƙotar wuƙa.

Tambaya: Kakana ya yi soja a zamanin Faransa, a cikin akwatinsa muka tarar da lofe an buga masa rubutu Bruyère garantie da St Claude. Mene ne ma'anarsa? Kuma wani ya ce min icen Kosika ya fi na ko'ina, gaskiya ne? Daga wani malamin makaranta a Yamai.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan kaka. Rubutun farko tabbaci ne cewa icen biraya ne na gaskiya, na biyun kuma sunan garin da aka yi shi ne, San-Kulod, a cikin duwatsun Jura na gabashin Faransa. Itaciyar ba ta fitowa a can, daga kudu ake hauro da icen. Abin da garin ke da shi hannu ne. Tun ɗaruruwan shekaru mutanensa masu murza ice ne, suna yi wa masu ziyarar ibada carbi irin na Kirista da ƙananan kayan tsaraba, daga baya suka shiga yin lofe da itatuwan yankinsu. A wajajen shekarun 1850 biraya ta shigo hannunsu, daga nan garin ya zama cibiyar lofe ta duniya, har masu shagunan Landan suka riƙa sayen kawunan lofe daga can suna ƙarasawa. Ana ba da wani labari na matafiyin da lofensa ya karye a Kosika, wani manomi ya sassaƙa masa sabo da saiwar daji, wai daga nan aka gano icen. Labarin baka ne, kowa da yadda yake ba da shi. Garin na da gidan tarihi na lofe da lu'ulu'u har yanzu, in Allah ya kai ka Faransa ya cancanci ziyara.

Batun ƙasa kuwa, tsofaffin sana'ar kowa da gwaninsa. Za ka ji ana cewa na Kosika da Sardiniya ya fi tauri da matsattsen zane, na Aljeriya ya fi laushi da rashin nauyi. Wannan laushin ne ya sa aka yaba shi wajen feshin yashi, dabarar da kamfanin Dunhill na Landan ya yi suna da ita tun 1917, bayan Alfred Dunhill ya buɗe shagonsa na taba a 1907. Yaƙin neman 'yancin Aljeriya, 1954 zuwa 1962, ya dagula fitowar icen daga can, shi ya sa masu tara tsofaffin lofe ke ɗokin na kafin lokacin.

Ni abin da idona ya gani a wurin aiki shi ne, ƙullutu biyu daga gangare guda na iya bambanta fiye da na ƙasashe biyu. Wanda ya fito a tsandauri yana fama da ƙishi ya fi matsewa, wanda ya samu ƙasa mai laima ya yi girma da wuri ya fi sakwarkwacewa. Bayan haka ma, ma'aikatar da ke wata ƙasa tana iya yanka icen da aka haƙo a wata. Saboda haka in aka ba ni zaɓi tsakanin sunan tsibiri da sunan mai yankan da na san dahuwarsa da shanyarsa, mai yankan zan bi. Lofen kaka kuma kada ka wanke shi da ruwa da sabulu, kada ka shafa masa fenti. Tsumma mai laushi da ɗan kakin zuma sun ishe shi.

Tambaya: Baba, maigidana ya bar sigari ya koma lofe. Ya ce icen yana tsotse gubar taba, don haka babu illa. Yana sha a falo, ga yara. Ka faɗa min gaskiya. Daga wata uwargida a zangon Kumasi.

Amsa: 'Yata, ki ba shi wannan shafin ya karanta da kansa. Alhaji, na yi shekara 9 ina juya icen nan a hannuna, ina son sa, kuma ina gaya maka ba ya tsotse guba. Abin da yake ɗan sha laima ce. Nikotin da kwalta da sauran abubuwan da ke cikin hayaƙin suna wucewa zuwa bakinka. Mai shan lofe, ko ba ya zuƙa har ƙirji, hayaƙin na zaune a kan leɓensa da harshensa da maƙogwaronsa, kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da alaƙarsa da ciwon dajin baki da maƙogwaro da huhu, da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, a cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa. Yaran da ke falon nan suna cikin wannan sahun. Ta fuskar addini ma ka san malamai da yawa sun haramta ta, wasu sun karhanta.

Ni kaina na sha, shekara 14, na fara tun kafin in je Italiya. Ranar da na ji ƙaramar 'yata tana tari da dare irin tarina, ranar na fara neman hanyar bari, kuma ban samu a karo ɗaya ba, sai a na uku, da taimakon likita. Wani zai ce to me ya sa nake amsa tambayoyin lofe? Domin filin nan na ice ne da masu sassaƙa shi, wanda ya tambaye ni aikin hannu zan gaya masa abin da na sani, wanda ya tambaye ni lafiyarsa ma haka. Guntayen da suka rage min yanzu carbi nake murzawa da su da ƙotar wuƙa. Alhaji, ka fara da fitar da hayaƙin daga cikin gida yau, sannan ka je asibiti ka ce kana son bari, akwai taimakon da ake bayarwa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni masassaƙi ne, gadon gidanmu ne, turmi da akushi da mutum-mutumi na masu tsaraba nake yi. Wani baƙo ya ce in yi masa lofe. Ba zan iya yi da ƙirya ko kanya ba? In kuma na sa an aiko min da biraya, zai jure yanayinmu? Daga wani masassaƙi a ƙasar Katsina.

Amsa: Abokin sana'a, ina gaishe ka da aiki. Ba kai ka fara wannan tunanin ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da hanyar Bahar Rum ta toshe, ma'aikatun Amurka sun koma haƙo saiwar wata itaciya mai suna manzanita a Kalifoniya, da wasu itatuwan duwatsun Karolina ta Arewa. Yaƙi na ƙarewa suka koma wa biraya. Har yau ana yin lofe da icen zaitun da na wasu itatuwan marmari na Turai, ana yi da wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a Eskishehir ta Turkiyya, a jihar Misuri ta Amurka kuma tun 1869 ake yi da totuwar masara. Mu ma kakanninmu da yumɓu suka yi tasu, shi ya sa ake ce mata tukunyar taba.

Ƙirya ka fi ni saninta: tauri kamar ƙarfe, gara ba ta cinta, amma nauyi gare ta, kuma ka tuna gawayinta maƙera ke nema. Kanya ma ice ce mai kyau a hannu. Matsalarsu ita ce icen ganga zarensa a miƙe yake gefe guda, in aka riƙa zafafa shi daga ciki yana hucewa, ta bin zaren yake tsagewa. Na ƙullutu kuwa zarensa a cuɗe yake, ya riƙe juna ta ko'ina. Shawarata, ka haɗa kai da mai ginin tukwane ya yi maka ɗan kofin yumɓu gasasshe ka zaunar a cikin ramin, wuta ta zauna a yumɓu, icen ya zama riga. A nan za ka nuna gwanintarka ta zane. Ka nisanci gwaska ko da wasa, itaciya ce mai guba, ka san abin da ake yi da ita a da. Maɗaci sunansa ya gaya maka. Katakon kasuwa da aka yi wa maganin gara, da falankin da aka manne da gam, su ma kada su kusanci abin da za a sa wa wuta a kai baki.

Itaciyar birayar tana nan a nahiyarmu, a tsaunukan Habasha da na Ruwenzori, har da 'yan tsiraru a ƙololuwar Tibesti ta Cadi, ragowar zamanin da Sahara ke da ruwa. Waɗannan na kallo ne, ba na gatari ba.

In ka sa an aiko maka, hunturu ne abokin gabarka. Shekarar da na dawo gida na taho da buhu guda da na saya a hannun wani dillali, ba daga inda na yi aiki ba, ya rantse min sun shekara biyu da bushewa. A watan Disamba na sauka, na zazzage su a tsakar ɗaki na bar taga a buɗe. A dare na uku ina kwance na riƙa jin ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Da gari ya waye na ƙirga, 17 cikin 40 sun dare. Iskar Liguriya ta bakin teku ce, tamu ta hunturu kuwa ko leɓen mutum tsaga shi take yi. Saboda haka ka sa a aiko maka da damina. In dole ta sa ya zo da rani, kada ka kwance shi gaba ɗaya: ka bar shi a cikin kwalinsa, ka lulluɓe da ɗiddigar sassaƙa, ka tura ƙarƙashin gado a ɗakin da ba a yawan buɗewa, ka riƙa ɗaga murfin kaɗan-kaɗan har wata 2. Ka shafa narkakken kakin zuma a fuskar da zaren ya ƙare, don ta nan ruwa ke gudu. Sauran 23 ɗin da suka tsira haka na yi musu, da su nake aiki har yau.